Leƙen Rijiya: Yadda Za Ka Raɗa wa Abin da Ke Cin Ranka Suna

A daminar 2020, shekarar da ruwa ya shanye shinkafar fadamun Kabi tun kafin ta nuna, bangon ɗakin yarana ya faɗi a nan Argungu. Ginin ƙasa ne tun na mahaifinmu. An kwana biyu ana tafka ruwa, wajen ƙarfe biyu na dare mai ɗakina ta ɗauki tocila ta leƙa su, ta tarar ɗigo na sauka daidai kan fuskar autan. Ta kwashe su su uku ta kawo ɗakinmu, ni har ina mita an tashe ni. Ba a yi minti goma sha biyar ba muka ji rugum.

Da gari ya waye muka sa shebur muka tono tabarmarsu. Allon autan ya rabe biyu. Filon da kansa yake kai ya lafe ƙarƙashin ƙasa kamar faifai.

Jama'a suka yi ta shigowa barka da arziki. Wannan ya ce an auna arziki, wancan ya ce yaran nan suna da sauran shan ruwa. Na yi ta amsawa da alhamdulillahi, kuma har zuciyata nake faɗi. Ranar har raha na yi. Sai a rana ta huɗu, ina zaune teburin mai shayi, kofi a hannu, ba wanda ya taɓo zancen, gwiwoyina suka yi sanyi, shayin ya soma zuba a kan rigata. Daga ranar, da na rufe ido sai in ga filon nan. In yi ta lissafin minti goma sha biyar: da tocilar ba batir fa? Da ta biye wa mitata ta koma ta kwanta fa? Ga shi korona ta zaunar da mu gida, babu aji balle in shagala.

Inna ce ta fara lura. Ta ce, "Kai ɗan nan, mi ka damunka? Allah ya tsare maka ɗiya, kai ko sai ramewa kake kamar wanda anka yi ma rashi."

Na buɗe baki na rasa abin faɗi, ni da na shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da Hausa. In ce tsoro, tsoron me, abin ya riga ya wuce? In ce baƙin ciki, wa ya mutu? Ai sai a ce na butulce wa Ubangiji. Sai na ce mata zazzaɓi ne.

Tun daga nan na shiga sana'ar da ba wanda ya ɗauke ni, ta raɗa wa irin waɗannan abubuwa suna. Ga yadda nake yi, har da wuraren da na yi tuntuɓe.

Kama abin tukuna, kalma ta jira

Ba a raɗa suna sai an haihu. Ka sami takarda ka amsa tambaya uku, cikin maganar gida, kada ka yi ƙoƙarin burge kowa. A ina yake kama ka a jiki? Yaushe yake zuwa? Me yake sa ka yi? Nawa amsoshin su ne: gwiwa da ƙirji, bayan an watse, musamman in hadari ya haɗu, yana sa ni komawa wurin a raina in sake aunawa. Ta ukun nan ita ce mai tsoka, domin kusan kullum daga cikinta sunan yake fitowa. Abin da damuwa take sa mutum ya aikata ana ganinsa da ido, kuma Bahaushe da abin da ido ya gani yake raɗa suna.

Ka bincika rumbu kafin ka tafi kasuwa

Nan ne masu zumuɗi suke faɗuwa. Yawancin abin da kake zaton ba shi da suna, yana da shi, kai ne ba ka zauna da tsofaffi ba. Dubi dangin tsoro kawai. Tsoro na abin da ke gabanka ne. Fargaba ta abin da kake jin yana tafe. Zullumi shi ne juya abin a rai tun bai iso ba, irin na wanda za a yi wa tiyata gobe. Firgita da razana na nan take ne, kamar ka taka igiya da dare. Taraddadi yana da kokwanto a ciki. Ɗar-ɗar kuwa zaman da ba a saki jiki ba ne. Haka alhini, juyayi, takaici, haushi, kewa, bege, kowanne da gurbinsa, kuma tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ba za ta musanya maka su ba.

Saboda haka ka fara da mutane. Ka kwatanta wa tsoho abin, ka ji me zai kira shi. Ka tambayi masunta, mahauta, ungozoma, domin kowace sana'a tana da kalmomin da ba sa fita waje. Bayan nan ka duba ƙamus. Na Bargery, wanda aka buga a 1934, shekarar da aka soma bikin kamun kifinmu yadda aka san shi yau, cike yake da kalmomin da suka kwanta dama, har da na Sakkwatanci da Katsinanci. Sai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, wanda ke bayanin Hausa da Hausa. In ka sami tsohuwar kalma da ta dace, ka karkaɗe ta ka ɗauka, ta fi sabuwa ƙarko.

Wani ɗalibina ya taɓa zuwa mini da murna, wai Jamusawa suna da kalma guda ta jin daɗin masifar da ta sami wani, mu ba mu da ita. Na ce masa, yaro, Allah-shi-ƙara fa? Ya yi tsuru-tsuru.

A nawa binciken na tarar Hausa ta wadata da maganar kuɓuta: ya sha da ƙyar, saura ƙiris, ya auna arziki, ya tsallake rijiya da baya. Amma dukansu labarin abin da ya faru suke bayarwa, daga bakin mai kallo. Har alherin da ya kusa samuwa ya kuɓuce muna da sunansa, ta-leƙo-ta-koma, duk wanda giwan ruwa ya taɓa suɓuce wa daga homa a Matan Fada ya san ɗacinta. Abin da ya rage a cikin mutum bayan masifa ce ta leƙo ta koma, shi ne ban samu ba.

Zaɓi ma'aunin da Hausa ta saba awo da shi

Hausa tana da hanyoyinta na ƙera kalma, kuma kunnen jama'a ba ya karɓar abin da aka ƙera ta wata hanya dabam.

Akwai haɗa sashen jiki da siffa ko aiki: farin ciki, baƙin ciki, ɓacin rai, faɗuwar gaba, sanyin gwiwa, zurfin ciki. Wannan ce tsohuwar hanyar maganar zuci, sai dai ta cika, da wuya ka sami fili a cikinta. Akwai haɗa aikatau da abin da ya faɗa wa: hana-salla, dafa-duka. Akwai ɗauko jimla sukutum a mai da ita suna, wadda ni ta fi burge ni, don a nan ne barkwancin Bahaushe yake: faɗi-ka-mutu ga tangaran, bar-ni-da-mugu ga ƙurajen samartaka, a-kori-kura, ka-ce-na-ce, da-na-sani. Sai ɗafi a ƙarshen kalma, irin su yarantaka, gwauranci, mantau, makarau.

Da ɗafin nan na fara, don shi muke koya wa yara a aji, kuma shi ya kunyata ni. Na ce tushen abin ai tsira ne, bari in ɗafa masa -ci kamar yadda aka yi gwauranci. Na furta a majalisarmu ta bayan la'asar, da murya irin ta malamai, kafin kunnena ya gaya mini abin da bakina ya faɗa. Tsiraici. Wani dattijo ya ce, "Malam, in shi ka damunka, ai sai a sai maka wando." An yi sati ana yi mini dariya.

Na koma na gwada "fargabar bayan tsira". Ba laifi a ma'ana, amma wannan bayani ne irin na takardar asibiti. Ba mai ce wa matarsa da tsakar dare fargabar bayan tsira ta kama shi.

Abin da ya fisshe ni karin maganar nan ce da kowa ya yi ta jefa mini. Wani dare na kwanta ina ta juya ta, ya tsallake rijiya da baya, sai na tsaya na kalli mutumin da idon zuci. Lokacin da yake tafiya da baya bai san da rijiya ba. Lokacin da yake sama bai ga komai ba. Sai da ya dira, sannan ga ta a gabansa, baki buɗe, don wanda ya yi tsalle da baya fuskarsa tana kallon abin da ya tsallake. To me zai yi? Jama'a na ta yi masa barka, shi kuwa zai matsa a hankali ya leƙa ya ga zurfinta. Gobe ma ya dawo ya sake leƙawa. Na tashi zaune na ce, leƙen rijiya. Amsar tambayata ta uku ke nan, ta zo da ƙafarta.

Dabarar da na ɗauka daga nan ita ce: ka nemi wani abu na gida, wanda kowa ya taɓa gani, ka rataya damuwar a jikinsa. Rijiya, rumfa, tabarma, tukunya, kwalekwale. In kalma ta jingina da karin maganar da mutane suka riga suka sani, ta sami dangi ke nan tun ranar suna.

Da wannan dabara na sami wasu. Kwashe-rumfa: wayam ɗin da gida yake yi washegarin biki, an tafi da amarya, masu haya sun zo sun kwashe kujeru da rumfa, uwar amarya na zaune cikin tulin kwanukan aro ba ta san me ke damunta ba, alhali komai ya tafi lafiya. Bari-a-yi-isha: abin da ke kama ɗan ci-rani da ya dawo daga Ikko ko Ibadan hannu bai yi nauyi ba, ya sauka tasha tun la'asar, ya zauna wurin mai shayi yana jan lokaci don kada ya ratsa unguwa da rana tsaka a ga ƙanƙantar jakarsa. Da na faɗi wannan a majalisa ba wanda ya nemi bayani. Mutum biyu suka sunkuyar da kai.

Akwai kuma wadda ta fi yi mini nauyi. A daminar nan da bangona ya faɗi a kan tabarma, wasu nasu a kan mutane ya faɗi. Na je gaisuwa wani gida a wata unguwa, na zauna cikin masu addu'a, uban yaron na gefena. Ina tausayinsa har ƙashina, amma can ƙasa akwai wani abu da ke cewa nawa suna gida suna cin tuwo, sai kuma kunyar wannan tunanin ta rufe ni, na kasa haɗa ido da shi. Ba mugunta ba ce, ba kuma godiya ce zalla ba. Na kira ta murnar ɗaka, murnar da ba ta da izinin fitowa tsakar gida. Mutanenmu na Zamfara da na kudancin Kabi, waɗanda aka shiga ƙauyen maƙwabta aka tsallake nasu, na tabbata sun fi ni sanin wannan.

Juya ta a baki, ka kuma rubuta ta a waya

Kafin ka fitar da kalma, ka faɗe ta da ƙarfi sau goma, da sauri da kuma a hankali, ka saurari maƙwabtanta. Wace kalma take kama da ita? Akwai batsa ko zagi a kusa? Labarin wandona ya isa misali. Ka tuna rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke fita iri ɗaya a takarda, haka kuka na hawaye da kuka ta miya.

Sannan ka rubuta ta yadda mutane suke rubutu a WhatsApp, babu ƙugiya. Leken rijiya ta tsira, kowa zai gane. Murnar ɗaka kuwa da na tura wa ƙanwata sai ta karanta murnar daka, ta ce ita tun da injin niƙa ya zo unguwarsu ba ta ga abin murna a turmi ba. Har yau ban warware wannan ba, na bar kalmar a baki kawai.

Ka yanke mata jinsi, ka kuma nema mata aikatau da za ta riƙa tafiya da shi. Leƙen rijiya namiji ne saboda leƙe, ana yin sa, yana kuma kama mutum. Murnar ɗaka mace ce, ana jin ta. In ka kasa sa kalmar cikin jimlar da za ka iya faɗa wa mahaifiyarka, ba ta nuna ba. Kada ta wuce abin da numfashi ɗaya zai ɗauka.

Sake ta, kada ka bi ta da sharhi

Wani Ba'amurke, John Koenig, ya shekara fiye da goma yana ƙera wa Ingilishi irin waɗannan kalmomi, ya tara su a littafi a 2021, kowace da ma'anarta a rubuce. Wannan hanya ta dace da mutanen da suke koyon kalma daga takarda. Mu a baki kalma take rayuwa ko ta mutu. Ba kwamitin da ya zauna ya ce a kira keke mai ƙafa uku a-daidaita-sahu. Sunan shirin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ne a Kano, jama'a suka cire shi suka liƙa wa keken. Tazarce ta fito a zamanin Abacha, mai ita ya rasu a 1998, ita kuwa tana nan, duk zaɓe sai ta tashi.

To ka jefa taka cikin zance kamar da ma akwai ta. Kada ka ce "na ƙirƙiro wata kalma", da ka faɗi haka an daina sauraron kalmar an koma auna ka. Ka dubi fuskar mai sauraro. In ya ce "me ke nan?" ka ba shi jimla ɗaya. In jimla ɗaya ba ta isa ba, kalmar ce ba ta yi ba, ka mai da ita maƙera. In kuwa ya yi shiru, sannan ya soma ba ka nasa labarin, ta kama. Yawancin nawa sun mutu a nan, kuma ban yi musu zaman makoki ba. Akwai wata da na so ƙwarai, ta ranar da ka fara jin muryar mahaifinka tana fita daga bakinka kana yi wa ɗanka faɗa. Na gwada suna huɗu, ba wanda ya zauna.

Wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles sun nuna wa mutane hotunan fuskoki masu fushi da masu tsoro, suna duba ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Suka ga idan mutum ya ambaci sunan abin da ke fuskar, sashen ƙwaƙwalwa mai tayar da tsoro yana ɗan lafawa. Ni abin da na gani a gidana ya fi wannan sauƙi. Ranar da na ce wa Inna, "Inna, ba zazzaɓi ba ne, leƙen rijiya nake yi," ba ta ce na butulce ba. Ta yi jim, ta ce, "To ka leƙa ka gode ma Allah, amma kar ka zauna bakinta." Ta sa aka yi sadakar waina ranar Juma'a. Kalmar ta ba ni hanyar faɗin abin ba tare da na soke alhamdulillahina ba, don mai leƙen rijiya ya yarda an tsallakar da shi.

Sai dai suna linzami ne, ba magani ba. In wata guda ya wuce barci bai dawo ba, ko abin yana hana ka fita nema, ko ƙarar faɗuwar kwano tana sa ka zabura kana gumi, ka haɗa addu'a da ganin likita. Akwai asibitin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kware ta jihar Sakkwato, kuma ba sai wanda ya yi tsirara a kasuwa ake kaiwa can ba. Kalmar da ka ƙera za ta ma taimake ka gaban likitan, ta fi "jikina ne ba daɗi".

Mun sake gina ɗakin da bulo da rani. A duk tsawon wannan lokaci ni a zatona ni kaɗai ke fama, don mai ɗakina ko sau ɗaya ba ta nuna komai ba, ita ce ma mai ba baƙi labarin tana dariyar mitar da na yi. Sai bayan kusan shekara biyu, ɗan ƙanwarta ya faɗo daga babur a hanyar Birnin Kabi, mota ta wuce ta gefen kansa, ko ƙwarzane bai yi ba. Kwana uku bayan nan ina alwala a tsakar gida na jiyo ta tana waya a ɗaki, ta sassauta murya.

"Ba aljanu ba ne, ke dai. Leƙen rijiya ne, zai sake ki." Ta yi shiru tana saurare. "Ni? Har yau in hadari ya taso sai na tuna na tsaya neman takalmina kafin in tafi ɗakinsu. Ƙafa ɗaya na samu, na tafi da ita haka nan."